Gada Daban, Masa Daban: Kafin Ka Fara Furojet, San Irin Aikin Da Ke Gabanka



Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya karanta daga baya.

Jiya da yamma a cikin bas ɗin dawowa gari daga Gubi, na zauna kusa da wani ƙanena ɗan aji biyar. Na ce masa ya furojet? Ya ce, "Yaya, alhamdulillahi, ai na kusa gama babi na uku." Na ce Malam ya gani? Ya ce a'a, so yake sai ya kammala komai tsaf sannan ya kai masa gaba ɗaya, don kada a ce ya cika damun mutane. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin ramin da na faɗa ke nan, kuma har yau ina biyan bashinsa.

Ni ma haka na yi da na fara binciken digirina na biyu. Wata bakwai na kulle kaina ina rubutu. Babi na ɗaya, na biyu, na uku, shafi sittin da 'yan kai, na buga na kai wa Malam ina jin kaina. Bai yi minti goma yana dubawa ba ya ɗago ya ce, "Malam, wa zai ba ka waɗannan bayanan?" Binciken nawa gaba ɗaya ya dogara ne a kan takardun kashe kuɗi na ƙananan 'yan kwangila. Na fita na zagaya mako biyu. Wasu ba sa ajiye takardun, masu ajiyewar kuma ba za su buɗe wa baƙo littafin kuɗinsu ba, kuma gaskiyarsu ce. Da na koma, Malam ya ce, "Da shafi biyu ka kawo mini tun watan farko, da tun a lokacin na faɗa maka." Laifin nawa ne ɗungurungum. Abin kunyar ma, a semistar da ta gabata na yi kwas ɗin sarrafa ayyuka, na ci shi da maki mai kyau. Na haddace shi don jarrabawa, ban taɓa tunanin nawa aikin ma yana ciki ba.

To ga ra'ayina, kuma a kansa zan tsaya: yawancin ayyukanmu da ke lalacewa, daga furojet zuwa ayyukan ƙungiyoyin ɗalibai har zuwa manyan ayyukan ƙasa, suna lalacewa ne tun kafin a fara su. Muna ɗora laifin a kan kuɗi da yajin aiki da rashin wuta, kuma duk suna da nasu kason. Amma akwai tambayar da ba ma yi wa kanmu: wane irin aiki ne wannan, kuma wace hanya ce ta dace da shi? Aikin da ya kamata a riƙa ɗanɗanawa ana gyarawa sai mu rufe shi a ɗaki har ƙarshe. Wanda ya kamata a auna a lissafa kafin a taɓa ƙasa kuma sai mu ce a fara kawai, kuɗi za su zo.

MENE NE MA FUROJET?

A wajen masana sarrafa ayyuka, furojet shi ne duk aikin da yake da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma zai samar da wani abu na musamman. Mai shayin da ke buɗe teburinsa kullum da asuba sana'a yake yi. Ranar da ya yanke shawarar gina shago ya koma ciki, ya shiga furojet. Bikin aure furojet ne. Makon al'adu na ƙungiyarku furojet ne. Kundin digirinka ma haka.

Cibiyar PMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, ita ta shahara da kasa ayyukan gudanar da furojet gida biyar. Ga su da Hausarmu:

Na ɗaya, assasawa. Me ya sa za a yi aikin? Don wa? Wa zai amince da shi, wa zai biya, wa kuma zai shafa ko da ba a tambaye shi ba? Misali yana nan kusa da mu. Titin nan da ke kawo mu Gubi, in ka miƙe shi za ka kai Ningi, ƙaramar hukumar da aka shirya gina madatsar ruwa ta Kafin Zaki. An ba da kwangilar tun zamanin Shagari, aka soke ta a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Babangida, aka sake tsayarwa zamanin Abacha. Ban da maganar kuɗi, akwai taƙaddamar da ta daɗe: Bauchi na son ruwan don noman rani, mutanen da ke can ƙasan kogin, a Yobe da Borno da fadamun Haɗeja zuwa Nguru, suna tsoron ruwan da suke noma da kamun kifi da shi zai ragu. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Darasin dai shi ne, wanda ba a zauna da shi a farko ba, za a haɗu da shi a tsakiya.

Na biyu, tsarawa. Iyakar aikin daga ina zuwa ina? Nawa zai ci? Wata nawa? Me ke jiran me? Abubuwa uku ne ke ɗaure da juna: girman aiki, lokaci, da kuɗi. Ka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. Wanda ya ƙara wa bincikensa ƙananan hukumomi uku bai ƙara lokaci ko kuɗin mota ba, to daga ingancin aikin zai cire, ko ya sani ko bai sani ba.

Na uku, aiwatarwa. Wannan shi muka fi so, domin shi ake gani, shi ake ɗauka a hoto.

Na huɗu, sa ido. Wannan ba ya jiran layi, tare yake tafiya da sauran daga farko har ƙarshe. Kana gwada inda kake da inda ka ce za ka kasance.

Na biyar, rufewa da miƙawa. Wannan shi ne marayan cikinsu. Wa zai karɓi aikin? Wa zai kula da shi? Me muka koya? Dubi dam ɗin Gubi da garin Bauchi ke shan ruwansa: shekarun da aka yi ana gina shi ba su kai ko kusa da shekarun da ake amfani da shi ba. Ranar yanke kyalle ita ce farkon rayuwar aiki. Shugabannin ƙungiyoyinmu nawa ne suka sauka suka bar wa magadansu takardar miƙa mulki mai ɗauke da lissafi? Kowace sabuwar majalisa daga tushe take farawa, kamar ba a taɓa yin wata ba.

Waɗannan biyar ɗin kowane aiki yana da su. Inda ake bambanta shi ne yadda za ka bi ta cikinsu: sau ɗaya a jere, ko zagaye bayan zagaye.

HANYAR TSANI

Ta farko ita ce wadda Turawa ke kira Wotafol, ni kuma ina ce mata hanyar tsani. Ba ka taka mataki na biyu sai ka gama da na ɗaya. A yi zane, a yi lissafi, a haƙa tushe, a ɗora bulo, a zuba linta, a yi rufi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan magina ya san ba a cewa bari mu yi rufin tukuna mu ga ko mai gida zai so shi. Tun ran gini ran zane.

Wannan hanya ta dace da aikin da aka san abin da ake so tun farko, wanda canza shi a tsakiya yake da tsada, wanda kuma kuskure a cikinsa zai iya cin rai. Kayan aikinta tsofaffi ne kuma har yau suna aiki. Jadawalin Gantt, wanda ke nuna kowane aiki da tsawon lokacinsa a jere, ya haura shekara ɗari. A 1957 kamfanin DuPont ya fito da dabarar gano jerin ayyukan da in ɗaya ya makara duk aikin ya makara, a 1958 kuma sojojin ruwan Amurka suka fito da irin tasu mai suna PERT.

Mu 'yan Gubi ba sai an yi mana dogon bayani a kan muhimmancin gada ba. Daren Litinin, 5 ga Agusta 2019, bayan ruwan sama mai ƙarfi, gadar ƙafa da ɗalibai ke bi tsakanin wajen karatu da ɗakunan kwana ta rufta, muka rasa 'yan'uwanmu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Ban kawo maganar don yanke wa kowa hukunci ba. Na kawo ta ne don waɗanda za su fita daga makarantar nan su zama injiniyoyi da masu sa hannu a takardar kwangila su riƙe wannan: akwai aikin da ba a gwaji da shi. Nauyin da zai ɗauka, ruwan da zai bi ta ƙarƙashinsa a watan Agusta, wanda zai riƙa duba shi bayan an gama, duk a kan takarda ake warware su kafin a zuba siminti.

Ko ƙasashen da suka ci gaba sun sha wuya da suka karya wannan ƙa'ida. Shahararren gidan wasannin nan na birnin Sidni a Ostireliya, an fara gina shi a 1959 tun ba a kammala zanen ba. An ƙiyasta zai ci dalar ƙasar miliyan 7, a gama a 1963. Sai a 1973 aka buɗe shi, bayan ya lashe miliyan 102. Mu kuma a nan gida, kwamitin da Shugaban Ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Ga Ajakuta nan, tun 1979 ake abu ɗaya.

HANYAR MAI MASA

Ta biyu ita ce Ajayil. Don mu Bauchi, ba ni da misalin da ya fi na mai masa. Ta kwaɓa ƙullu, amma ba ta zuba shi duka a tanda lokaci guda. Za ta soya zubin farko, ta ɗanɗana, ta ga ko ya yi ruwa, ko tsami ya yi yawa, ko wutar ta yi ƙarfi, ta gyara, sannan ta ci gaba. In zubin farko ya ɓaci, asarar masa 'yan ƙalilan ce. Ƙullun yana nan.

Wannan hanya daga masu rubuta manhajar kwamfuta ta fito. Abin mamaki, Winston Royce, wanda ake jingina wa hanyar tsani saboda maƙalarsa ta 1970, a cikin maƙalar ma ya yi gargaɗin cewa bin matakan sau ɗaya tak a aikin manhaja yana da haɗari, domin sai a ƙarshe ake gwaji, lokacin da gyara ya yi tsada. A watan Fabrairun 2001, mutum 17 suka taru a jihar Yuta ta Amurka suka fitar da matsayar da ta yaɗa sunan Ajayil. Gundarinta: ka riƙa fitar da ɗan abin da ke aiki da wuri, ka nuna wa mai shi, ka ji ta bakinsa, ka gyara.

Tsarin da ya fi shahara a cikinta shi ne Sikiram, na Ken Schwaber da Jeff Sutherland. Ana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba. Kullum ma'aikatan su haɗu na minti 15 su ga inda aka kwana. Ƙarshen zango a nuna abin da aka yi, a kuma zauna a duba yadda aka yi aikin. Akwai kuma Kanban, wanda asalinsa daga masana'antar Toyota ne a Japan: allo mai gida uku, abin da za a yi, abin da ake kan yi, abin da aka gama, da sharaɗin kada a tara abubuwa da yawa a gidan tsakiya.

Wannan ta dace da aikin da mai shi ma bai gama sanin abin da yake so ba sai ya gani, wanda za a iya miƙa shi gutsure-gutsure, kuma gyaransa ba shi da tsada.

YADDA MUKA JUYA SU

Bari in ba ku labarin ƙungiyar ɗaliban garinmu, lokacin ina cikin shugabanni. Ayyuka biyu muka ɗauko a shekara ɗaya.

Na farko, manhajar waya da za ta tara tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Muka zauna muka rubuta duk abin da muke so ta yi, har da wajen hira da wajen tallace-tallace. Yaranmu biyu masu ilimin kwamfuta suka shiga ɗaki, muka ce kada kowa ya gani sai ranar ƙaddamarwa. Bayan wata biyar muka ƙaddamar. Kusan ba wanda ya sauke ta. Wayoyin da yawa ba su da wuri, wasu kuma ba sa son ƙona data. Wata ƙanwarmu 'yar aji biyu ta buɗe zauren WhatsApp ta riƙa tura takardun, cikin mako guda ta yi abin da muka kasa a wata biyar. Da mun fara da ɗan ƙaramin abu mun ba mutum goma sun gwada, da mun gane tun makon farko.

Na biyu, ɗan ɗakin karatu a gida, don ƙannenmu 'yan sakandare. Nan kuma ba zane, ba lissafin bulo da rodi, ba a rubuta wanda zai riƙe makulli ba. Muka ce a fara, in mutane suka ga gini ya tashi za su taimaka. Muka kai linta kuɗi suka ƙare. Sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, farashin siminti da kuɗin dako suka tashi. Ginin yana nan tsaye ba rufi, damina tana cin sa. Duk lokacin da na je gida sai na canza hanya don kada in wuce ta gabansa.

Kun gani? Mun yi wa manhaja tsarin gini, mun yi wa gini tsarin masa. Da mun musanya, da duka biyun sun tsira.

TAMBAYOYI HUƊU KAFIN KA ZAƁA

Ba sai ka yi kwas ba. Ka zauna da biro da takarda ka amsa waɗannan:

1. Na san ainihin abin da ake so a ƙarshe, ko sai an gani za a sani? In ka sani, hanyar tsani. In ba ka sani ba, hanyar mai masa.

2. In na yi kuskure, nawa gyaran zai ci? Goge sakin layi kyauta ne. Fasa dakin da aka zuba kuwa kuɗi ne, wani lokacin ma rai.

3. Rabin aikin zai amfani wani? Rabin tambayoyin jarrabawa suna da amfani. Rabin gada ba ta tsallakar da kowa.

4. Wanda zai karɓi aikin zai samu lokacin dubawa a kai a kai? Hanyar mai masa ba ta yiwuwa in babu mai ɗanɗanawa. In mai aikin sau biyu kawai za ka gan shi a shekara, dole ku rubuta komai ku amince tun farko.

In amsoshin suka rabu, wasu nan wasu can, to aikinka na hanya ta uku ne, wato haɗaka. Kuma gaskiya yawancin ayyukan duniya nan suke.

FUROJET ƊINKA HAƊAKA NE

Makaranta ta riga ta kafa maka ƙofofi a jere: amincewa da take, kare furofozal, tattara bayanai, difens na cikin gida, zuwan mai jarrabawa daga waje, gyara, ɗaure kundi. Ba ka isa ka tsallake ɗaya ba. Wannan tsani ne, kuma haka ya kamata ya kasance. Amma tsakanin ƙofa da ƙofa, aikin na mai masa ne, domin bincike shi ne neman abin da ba ka sani ba tukuna.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma ya fitar da ni:

Na fara daga ranar da nake son yin difens na lissafo baya. Daga nan na gano abin da ba ya jira. Ɗan'uwa mai karatun noma da gwajinsa ke buƙatar ruwan sama, in shukar Yuni zuwa Yuli ta wuce shi, sai baɗi, sai dai in yana da halin ban ruwa. Ko ya rubuta babi na biyu mafi kyau a duniya, shekara ta tafi. Mai raba takardun tambayoyi ga manoma kada ya je lokacin girbi, ba wanda zai saurare shi. Mai buƙatar takardar izini daga wata ma'aikata ya nema tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gano naka abin da ba ya jira, ka sa shi a gaba, sauran su bi baya.

Sannan na yanka aikin mako bibbiyu. Kowane zango yana da abu ɗaya da za a iya riƙewa a hannu: shafi uku, ko tebur ɗaya, ko takardar tambayoyi da aka gwada a kan mutum goma. "Zan yi karatu" ba sakamako ba ne. "Zan taƙaita maƙala biyar a shafi biyu" shi ne sakamako.

Na manna takarda a bangon ɗakina mai gida uku irin na Kanban. Doka ɗaya: gidan tsakiya ba ya ɗaukar fiye da abu biyu.

Mu huɗu 'yan ajinmu muna haɗuwa duk ranar Asabar na ɗan lokaci. Kowa ya faɗi abin da ya gama, abin da zai yi, da abin da ya tsaya masa. Kunyar zuwa hannu rabbana kaɗai ta isa ta sa ka yi aiki.

Na kuma rubuta jerin abubuwan da za su iya ɓata mini lissafi, da abin da zan yi in sun faru. Yajin aiki na ciki. Mun ga na 2020 da ya kai wata tara, mun ga na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wanda ya shirya, a watannin nan ya tattara bayanansa. Wanda bai shirya ba ya dawo ya manta ma taken bincikensa. Lalacewar kwamfuta ko sace ta na ciki, don haka duk daren Juma'a nake tura wa kaina kwafi ta imel. Rashin wuta na ciki. Tafiyar Malam na ciki.

NA SAN ABIN DA ZA KU CE

Wani zai ce, "Malamina ba shi da lokaci, ɗalibai sun yi masa yawa." Gaskiya ne, malamanmu suna ɗauke da kaya. Amma ka yi tunani: wanne ya fi sauƙi a wajen mai aiki da yawa, shafi biyu da tambaya ɗaya bayyananniya, ko shafi sittin? Ka je da ladabi ka ce, "Malam, don Allah wannan manufar ta uku nake so a duba mini, ta yi ko in canza?" Minti biyar ya ishe shi. In bai samu ba, akwai 'yan digiri na uku, akwai waɗanda suka riga ka. Ɗanɗanon wani ya fi babu. Kuma mu daina ɗaukar ɓoye aiki a matsayin kunya ko ladabi. Tsoron jan biro ne kawai, kuma jan biron yana nan yana jiranka, gara ya same ka da wuri.

Wani zai ce, "A ƙasar nan tsari ɓata lokaci ne, komai canzawa yake." Ni a ganina wannan hujja ce ta yin tsari. Inda komai ke tafiya daidai, ko ba ka lissafa ba za ka kai. Inda farashi ke tashi dare ɗaya, nan ne kake buƙatar sanin abin da za ka fara saya, da rarar da za ka ajiye, da abin da za ka haƙura da shi in ta ɓaci. Da mun yi lissafi, da mun gina ɗaki ƙarami mun rufe shi, maimakon babba da ya tsaya a linta.

Wani kuma, musamman 'yan'uwanmu masu harkar manhaja, zai ce hanyar tsani tsohon yayi ce, yanzu duniya ta koma Ajayil. A'a ɗan'uwa. Ba na son likita ko injiniyan gada ya gwada a kaina ya gyara daga baya. Kuma da yawan masu kiran sunan Ajayil, rashin tsari ne kawai suka sa wa suna mai daɗi. Mai masa ta san adadin shinkafar da ta jiƙa, ta san lokacin da masu saye ke zuwa, ta san ribarta. Ɗanɗanawar da take yi tana cikin tsarin. Wanda ba shi da zango, ba shi da mai dubawa, ba ya zama ya duba kuskurensa, ba Ajayil yake yi ba, lalube yake a duhu.

Abin da ya sa na damu da maganar nan ya wuce kundin digiri. Shekara goma masu zuwa, mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake ba da kwangilar rijiyar burtsatse da asibiti da aji. Halin da muka koya a kan furojet da kuɗin ƙungiya, shi za mu kai can. Wanda ya saba fara gini ba lissafi yana shugaban ƙungiyar ɗalibai, ba zai canza don ya zama darakta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma yankinmu ba shi da rarar kuɗin da za a riƙa binnewa a ginin da ba rufi.

Shi kuwa ƙanen nawa na cikin bas, kafin mu sauka mun yi yarjejeniya: ranar Litinin zai kai wa Malaminsa shafi biyu, take da manufofi da inda zai samo bayanai. Na ce in bai kai ba kada ya sake gaishe ni. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, in Malam ya soke fa?" Na ce to ka yi asarar shafi biyu da abin da ka riga ka rubuta, ka tsira da sauran shekarar.

Kai ma mai karatu, yau kafin ka kwanta, ɗauki aikin da ke gabanka ka yi masa tambayoyin nan huɗu. Wanda ya taɓa faɗawa irin ramina ya ba mu labari a ƙasa, ƙannenmu su amfana. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure ya gyara mini, ni ma ɗalibi ne. Ku tura wa duk wanda kuka san ya kulle kansa a ɗaki da babi uku.

Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya, Ya sa a yi difens cikin nasara. Amin.